Waiwaye: Yadda mutanen Hercegkút suka fafe tsauni suka mai da shi rumbun giya

Na san tun kafin a gama layin farko wani zai ce, toh mu me ya haɗa mu da giya? Babu komai. Haramun ce a wajen mafi yawanmu kuma ba tallarta na zo yi ba. Ni ramin ne ya ja hankalina ba abinda ke cikin gangar ba.

Akwai wani ɗan ƙauye a arewa maso gabashin ƙasar Hangari, sunansa Hercegkút, mutanen cikinsa ko dubu ɗaya ba su cika ba, yana nan dab da garin Sárospatak, kusa da iyakar Sulobakiya. In ka fita bayan gari sai kaga gefen tudu ya cika da wasu ƙananan ƙofofi, layi kan layi, hawa kan hawa, kowace ƙofa an yi mata goshi mai kusurwa uku da dutse, a samanta ciyawa ce shar kaman babu komai a ƙasa. Daga nesa zaka rantse kabarurruka ne ko akurkin kaji na masu kuɗi. Amma kowace ƙofa bakin rami ce da aka haƙa da hannu ya shige cikin cikin tudun, kuma kusan kowane rami na gida ɗaya ne, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Unguwannin ramukan biyu ne, ɗaya a tudun Gombos ɗaya kuma a Kőporos, wanda ma'anar sunansa ma kusan "mai ƙurar dutse" ne. Tun 2002 suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, tare da sauran yankin da ake kira Tokaj.

Abu na farko dai ƙasar ce ta yarda. Yankin gaba ɗaya tsoffin duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu tun shekaru miliyoyi, tokar da suka fesar ta daskare ta zama wani irin dutse mai laushi, diga na cinsa ba wahala sosai, amma in ka fafe shi baya ruftowa, ba sai ka kafa masa ginshiƙi ko azara ba. Wanda ya taɓa kallon masu haƙar rijiya ya san bambancin ƙasar da ke riƙe kanta da wadda ke zubowa mutum a ka. Toh wannan mai riƙe kanta ce. Shi yasa talaka da ƙannensa biyu zasu iya ɗaukar lokacin hunturu, sanda ba aikin gona, su yi ta sara kaɗan kaɗan, bana kamu goma baɗi kamu goma, har ramin ya yi tsawon da ake so.

Abin mamaki a tarihin wajen shine Turkawa suna da hannu a ɗaukakarsa ba tare da sun nufa ba. Kafin ƙarni na 16 giyar da ta fi suna a masarautar Hangari daga kudu take fitowa, wani yanki da ake kira Szerémség, yau yawancinsa yana cikin Sabiya. Sai Sarkin Musulmi Sulaiman na daular Usmaniyya ta Turkiyya ya murƙushe sojan Hangari a Mohács a 1526, a 1541 kuma birnin Buda kansa ya faɗa hannunsa. Kudu ta tafi, kasuwa ta watse, masu kuɗi da masu sana'a suka yi arewa, sai Tokaj da ke can gefe ta gaji cinikin. Su Turkawan ba su zauna da mulki a wannan kusurwar ba amma hari na kaiwa, yau sojan Turkiyya gobe na Ostiriya jibi na sarakunan Transilbaniya, kowa ya zo sai ya ci ya sha ya kwashe. Kaga rami a cikin tsauni mai ƙaramar ƙofa ba wajen ajiyar giya kawai bane a irin wannan zamani, wajen ɓoye dukiya ne, wani lokacin har da mutane.

Daga nan sai gidan sarautar Rákóczi, waɗanda Sárospatak ce cibiyarsu kuma mafi kyawun gonakin inabin yankin nasu ne. Na ƙarshensu da ya yi suna, Ferenc Rákóczi na biyu, ya ja tawaye kan sarakunan Habsburg na Ostiriya daga 1703 zuwa 1711, kuma giyar nan na cikin abinda yake aika wa fadar Faransa yana neman goyon baya. Daga can ne ake cewa kirarin "giyar sarakuna, sarkin giya" ya fito. Tawayen bai yi nasara ba, ya yi gudun hijira ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Turkiyya a 1735, fadar Ostiriya da ke Biyana ta ƙwace ƙasarsa ta bai wa wani gidan sarautar Ostiriya mai suna Trautson. Sai dai ƙasa ce aka ba su ba mutane, yaƙi da annoba sun cinye ƙauyuka, gona ba mai noma ai daji ce. Shine a 1750 yarima Trautson ya sa aka kwaso masa manoma Jamusawa daga kudu maso yammacin Jamus, wajen Baƙin Daji, aka yanka musu fili suka kafa ƙauye aka sa masa Trautsondorf, wato ƙauyen Trautson. Sunan Hercegkút, "rijiyar yarima", sai a farkon ƙarni na 20 aka maƙala masa, lokacin da gwamnati ke mayar da sunayen garuruwa zuwa harshen Hangari. Rátka da Károlyfalva ma duk irin wannan zuwan ne.

Toh waɗannan baƙin da zuri'arsu su suka fafe tudun nan biyu. Ni abinda ya burge ni shine ba ramukan fada bane. Akwai na fada a yankin, manya manya, irin na Rákóczi a Sárospatak da na Ungvári a Sátoraljaújhely inda aka haɗe ramuka da yawa suka zama kaman gari a ƙarƙashin ƙasa, mutum zai iya ɓata a ciki. Na Hercegkút na manomi ne, wanda in ya girbe sai ya cire rabon coci ya cire rabon mai ƙasa sannan abinda ya rage ya gangara da shi raminsa. Wannan ragowar ita ce bankinsa. Aure ya taso a sayar da ganga ɗaya, saniya ta mutu a sayar da biyu. Ba shi da maraba da yadda Bahaushe yake kallon rumbunsa, kuma kaman yadda ba a jingina rumbu da ɗakin kwana saboda gobara da ɓera, su ma a bayan gari suka yi nasu.

Bari mu shiga ciki. Ƙofar katako ce mai kauri, gajera, dogon mutum sai ya sunkuya. Kana wuce ta sai hanya ta gangara, siririya, sannan ramin ya miƙe, gangunan itace jere a gefe an ɗora su kan gungume don kar su taɓa ƙasa. Abu na farko da zai buge ka sanyi ne, wajen digiri 10 zuwa 12, kuma haka yake rani da hunturu, ko a waje ƙanƙara na zuba ko rana na gasa mutane a watan Yuli. Ba inji, ba fanka, ba ruwansa da ɗauke wuta. Randar da aka binne gindinta a yashi a inuwa, ka faɗaɗa ta har mutum ya shiga ciki ya yi tafiya, kusan hikimar kenan. Laima kuma ta yi yawa sosai, iskar jiƙe take, wanda hakan ke hana itacen ganga bushewa ya tsage.

Sai bangon. In ka haska zaka ga baƙi ƙirin, ka taɓa kaji laushi kaman ka dafa bargo ko gashin mage. Fumfuna ce. A gidanka in kaga haka ai sai ka nemo tsintsiya da omo, amma a can mai rami alfahari yake da ita, har nuna wa baƙo yake. Wata irin fumfuna ce ta musamman, masana suna ce mata Cladosporium cellare, abincinta tururin barasar da ke fita ta jikin ganga, tana kama bango da kwalabe da duk abinda aka bari ya daɗe, kuma masu ramukan sun yarda tana gyara iskar wajen, ramin baya wari. Wasu baƙi har kwabo suke mannawa a jiki ya zauna daram.

Akwai kuma haɗari, ba wasa ba. Lokacin kaka sanda ruwan inabin ke tafasa da kansa a ganga yana fitar da wata iska mai nauyi, ba launi ba wari, takan kwanta a ƙasan rami kaman ruwa. Mutum ya gangara bai sani ba sai jiri, ya faɗi, in ya faɗi kuma ya faɗa cikin inda ta fi yawa, shikenan. Irin abinda ke kashe masu yasar tsohuwar rijiya ne sak. Maganin da suka gada shine kyandir, a kunna a riƙe shi ƙasa ƙasa wajen gwiwa ana tafiya a hankali, da harshen wutar ya fara lanƙwashewa ko ya mutu sai a juya da sauri. Kuma sukan huda wata siririyar kafa daga rufin ramin ta ɓulla saman tudu don iska, sunanta a harshensu "kafar rai". Wannan sunan kam sun iya sa shi.

Wani abu da ya ba ni dariya shine abin ɗiba. Ba famfo a jikin gangar, ta sama ake buɗewa a zura wani dogon abu mai tulluwar kai a zuƙa da baki sai ya cika, a toshe saman da yatsa a fito da shi. Yanzu na gilashi ne amma asalinsa duma ne mai dogon wuya, irin wanda mu zamu fafe mu yi ludayi. Sunansa lopó, wato ɓarawo.

Abinda ya sa duniya ta san yankin kuwa wata fumfunar ce daban, ta kan inabin. Kogin Bodrog da kogin Tisza suna haɗuwa a gindin garin Tokaj, da kaka sai hazo mai laima ya rufe gonaki da safe, rana ta fito ta busar da yamma. A wannan yanayi wata fumfuna kan kama 'ya'yan inabin ta huda fatarsu ruwan ya tsane su yamutse su koma kaman busasshen zabibi, muni a ido, amma zaƙin ya taru waje ɗaya. Su ake kira aszú. Ba a yankan nonon inabi gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake tsince ƙwayoyin da yatsa, yawanci mata ne ke yi, cikin sanyin Oktoba da Nuwamba, a wuni ana tsinta abinda ke cikin bokitin bai taka kara ya karya ba. A da ma'aunin shine wani kwandon katako na goyo mai suna puttony, yana cin wajen kilo 25, sai a ƙirga nawa aka zuba a ganga ɗaya ƙirar garin Gönc mai cin lita 136. Kwando uku, huɗu, biyar, shida, iya yawan kwando iya zaƙi iya tsada. Kuma ƙanƙantar gangar nan ba banza ba, ita ce ke iya bi ta siririyar hanyar rami, ita ce ke hawa keken doki.

Suna da labarin da suke so su bayar, wai wani malamin coci Szepsi Laczkó Máté ne ya fara yinta wajen 1630, an jinkirta girbi don tsoron harin Turkawa inabi ya ruɓe a gona, shi kuma ya ƙi zubarwa ya matse hakanan ya kai wa uwargidan gidan Rákóczi, Zsuzsanna Lorántffy. Labari ne mai daɗi amma an samu takardar rabon gado ta 1571 da ta riga ta ambaci aszú, kaga malam sai dai ya gyara ba ya ƙirƙira ba.

Kuɗi ya shigo ba kaɗan ba. Attajiran Folan su ne manyan masu saye, ayari ke tsallaka tsaunukan Karpat da ganguna. Fadar Rasha kuwa har wakilai ta zaunar a Tokaj a ƙarni na 18, da sojoji masu rakiya, aikinsu kawai su saya su kai Sen Fitasbag. Inda kuɗi yake kuma algus na nan, shi yasa a 1737 aka fitar da dokar sarki da ta lissafa garuruwan da kaɗai ke da ikon sa sunan Tokaj a kayansu, tana cikin irinta na farko a duniya. Cinikin kansa daga baya yawancinsa ya koma hannun Yahudawa 'yan kasuwa, majami'arsu da suka gina a Mád a 1795 har yau tana tsaye.

Daga nan sai masifu suka jero. A 1885 wani ɗan ƙwaro da ya shigo Turai daga Amurka, filoksera, mai cin saiwar inabi ta ƙarƙashin ƙasa, ya iso yankin, cikin 'yan shekaru ya gama da mafi yawan gonakin. Sai da aka koma ɗaura reshen inabin gida a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron baya iya kashewa, kaman dai yadda ake aure wa mangwaro. Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta zo ta ja iyaka ta gutsure wani yanki ta bai wa Cekosulobakiya, rigimar wa ke da ikon amfani da sunan Tokaj ta ja shekaru tsakanin Hangari da Sulobakiya. A 1944 aka kwashe Yahudawan yankin zuwa Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi, kaɗan ne suka dawo, waɗanda suka san hanyar kasuwa kenan aka shafe.

Su kuma mutanen Hercegkút nasu ya same su a watan Janairun 1945. Sojan Sobiyet sun shigo da umarnin a tattara duk mai jinin Jamusawa da ke da ƙarfin aiki, maza daga shekara 17 zuwa 45 mata daga 18 zuwa 30. Kusan shekara 200 kenan da zuwan kakanninsu, da yawansu ma harshen Hangari suke yi a gida, amma sunan mahaifi ya isa hujja. Aka ce musu ɗan ƙaramin aiki ne na 'yan kwanaki, daga wannan maganar ce ma aka samo sunan da ake kiran abin da shi har yau, malenkij robot. Sama da mutum ɗari aka ɗiba daga wannan ɗan ƙauyen aka zuba a taragon dabbobi zuwa mahaƙar kwal a yankin Donbas. Ka duba fa, jikokin masu haƙar ramin giya aka kai haƙar kwal. Wasu sai bayan shekaru suka dawo, wasu suna can a binne.

Zamanin gurguzu gwamnati ta ƙwace manyan gonaki da manyan ramuka ta haɗa su ƙarƙashin kamfaninta guda ɗaya. Abinda ake nema yawa ne, a cika tarago a tura Tarayyar Sobiyet, na gona mai kyau da na gona marar kyau duk a juye a tanki ɗaya. Gonakin kan gangare masu wahala, waɗanda su ne na ainihi, aka bar su daji ya cinye aka sauko fili inda tarakta zata iya shiga. Amma ƙananan ramukan ƙauye ba wanda ya damu da su sosai, mutum na da 'yar gonarsa ta bayan gida, ya sayar wa kamfanin gwamnati wani abu ya gangara da saura raminsa. A ganina nan ne sanin aikin ya ɓuya har guguwar ta wuce, a hannun tsofaffi ba a ofis ba.

Da gurguzu ya faɗi sai kuɗin waje ya shigo da gudu. A 1990 aka kafa Royal Tokaji da hannun marubucin nan ɗan Ingila Hugh Johnson, a 1992 kamfanin inshorar Faransa AXA ya sayi gonar Disznókő, a 1993 masu gidan giyar Vega Sicilia na Sifen suka karɓi gonar Oremus a garin Tolcsva. Suka zo da tankunan ƙarfe masu na'urar sanyi, aka yi ta cacar baki da tsofaffin gida kan wane ne ɗanɗano na asali, wanda ya daɗe a ganga ya yi duhu ko sabon yayi mai haske. Tarayyar Turai ma ta shigo ta tsaya musu, daga 2007 ta hana masu giya a Faransa da Italiya amfani da sunan Tokay da Tocai. A 2013 kuma aka sake doka, lissafin kwando ya zama suna kawai, yanzu awon sukari ake yi, sai ya kai giram 120 a lita kafin a kira giya aszú.

Shigar UNESCO alheri ne ta wani gefen, an gyara goshin ramukan an share hanya, motocin 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa, ana shirya ranakun da kowa zai buɗe ƙofarsa ya fito da benci da abinci irin na kakanninsu Jamusawa. Dama can layin ramuka majalisa ce, wajen da maza ke haɗuwa bayan aiki a yi hira a yi ciniki a sasanta rigima. Ta ɗaya gefen kuma yanzu ba ka isa ka canza ƙofar ramin kakanka yadda kaga dama ba, kuma yankin na cikin wuraren da aikin yi ya yi ƙaranci a Hangari, matasa Budapest suke tafiya ko Ostiriya ko Jamus ɗin da kakanninsu suka baro. Kasuwar giya mai zaƙi ita ma ta ja baya a duniya, abinda yafi tafiya yanzu marar zaƙi ne na inabin furmint, wanda galibi a tankin ƙarfe ake yinsa a babban gini a bakin titi, baya buƙatar ya shekara biyar a cikin tsauni.

Shi yasa in ana so a san ramin da ke raye da wanda ya zama na ɗaukar hoto kawai ba a kallon ƙofa, don duk an shafe su fes iri ɗaya. Bango ake dubawa. Inda har yanzu akwai ganguna cike baƙin bargon nan na nan da kaurinsa, inda aka kwashe gangunan kuwa fumfunar ta rasa abinci, a hankali sai ta bushe ta kakkaɓe, farin dutsen ya fito har kana ganin sawun digar wanda ya sare shi.